IDAN MUTUM YA BI KORAMA, INA ZA TA KAI SHI?



A makarantun yaƙi da jahilci ana yawan yin wata tambaya. Ana cewa: ruwan Korama ina ya ke zuwa? In mutum ya bi bakinta da ƙafa, za ta kai shi teku? Tambaya ce mai kyau, don abincinmu na rani a Korama ya ke. Mu bi ta sannu a hankali, mu gani.

TAFIYA A BAKIN KORAMA

Korama kwari ne mai tsawo. Tana farawa daga wajen Kance da Matamai, ta yi gabas, ta ratsa ƙasar Bande da Waca, ta nufi wajen Guci cikin gundumar Dungas.

Tafiya a bakinta ba wuya. Babu dutse, babu hawa mai gajiyarwa. Tsoho da yaro duk suna iya yin ta. Lokacin da ya fi shi ne bayan kaka, da sanyin safiya, sa'ad da ruwa ya ja baya.

Mai tafiya zai ga garake a jere. Zai ga rake da rogo da dankali, da albasa da tumatir da kabeji. Zai ga goruba da dabino. A tudu kuwa ƙasa rairayi ce, sai an haƙa rijiya mai zurfi. A cikin kwarin, ɗan haƙa kaɗan ruwa ya fito. Dalili shi ne ruwan yana kwance kusa, ƙarƙashin yashi. Ko inda ido ba ya ganin ruwa, Korama tana nan tana tafiya a ƙarƙashin ƙasa.

RUWA BA YA HAWA TUDU

Kowa ya san ruwa gangara ya ke bi. Ƙasarmu ta karkata wajen gabas. Saboda haka Korama gabas ta ke yi, sannan ta karkata kudu wajen iyakar Najeriya. Can ƙarfinta ya ke ƙarewa, yashi ya shanye ta.

Duk ƙasar nan tamu tana cikin babban kwarin tabkin Cadi. Ku ɗauki misalin ƙwarya: duk ruwan da ya zuba a gefenta, tsakiya ya ke nufa. Tabkin Cadi shi ne tsakiyar ƙwaryar.

Wanda ya ci gaba da tafiya gabas zai tarar da kogin Komadugu Yobe. Kogin Haɗeja da kogin Jama'are ne suka haɗu a Najeriya suka yi shi. Yana wucewa ta Difa, ya zama iyaka tsakanin Nijar da Najeriya, ya zuba a tabkin Cadi kusa da Boso.

TABKIN CADI BA TEKU BA NE

Tabkin Cadi babba ne. Ƙasashe 4 ne suka kewaye shi: Nijar, Najeriya, Cadi da Kamaru. A 1964 suka kafa hukuma guda don kula da shi. Yawancin ruwansa daga kudu ya ke zuwa, ta kogin Shari da kogin Logon.

Amma ba shi da mafita. Babu kogin da ya ke ɗaukar ruwansa ya kai teku. Rana ce ta ke shan mafi yawa, saura ya nutse cikin ƙasa.

A 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000. Fari na 1973 da na 1984 suka rage shi ƙwarai, har ya koma kamar kashi 1 cikin 10. Dattawanmu ba su manta da waɗannan shekaru ba, don Korama ma ta sha wuya a lokacin.

To, amsar tambaya ke nan. Korama ba ta kaiwa teku.

WACE HANYA CE TA KE KAIWA TEKU?

Sai mutum ya yi yamma, ya je Maraɗi. Can ƙasa ta karkata wajen yamma.

Gulbin Maraɗi yana fitowa daga ƙasar Katsina. Yana wucewa ta Jibiya, ya shigo Nijar, ya bi ta Madarumfa da Maraɗi, ya sake komawa Najeriya. Can ya faɗa gulbin Rima. Rima ya haɗu da gulbin Sakkwato. Su kuma su zuba a kogin Kwara, wanda ƴan uwanmu Zabarmawa su ke ce wa Isa.

Kogin Kwara tsawonsa kamar kilomita 4,200 ne. Yana fitowa daga duwatsun ƙasar Gine. Ya ratsa Mali, ya shigo ƙasarmu, ya wuce Yamai da Gaya, ya shiga Najeriya. A Lakwaja ya haɗu da kogin Binuwai. Daga nan ya yi kudu, ya rabu rassa-rassa, ya faɗa tekun Atalantika.

Mutanen bakin kogi sun daɗe da sanin yankinsu. Turawa kuwa sun yi shekaru suna gardama a kan inda ya ƙare. Sai a 1830 wasu ƴan uwa biyu daga Ingila, masu suna Lander, suka bi shi da kwalekwale daga Busa har teku.

Ga ɗan lissafi. In mutum yana tafiyar kilomita 20 kullum, kwana nawa zai yi ya gama kilomita 4,200? Kwana 210, wato wata 7.

MENE NE TEKU?

Teku ruwa ne wanda ba a hango ƙarshensa. In aka raba duniya kashi 10, kashi 7 teku ne. Ruwansa gishiri ne: a kowace lita akwai kamar giram 35. Ba a sha, ba a ban ruwa da shi. Ƙasarmu Nijar ba ta da bakin teku. Daga Magariya zuwa Legas ya wuce kilomita 1,000.

Duk da haka muna cin amfaninsa. Rana tana dukan teku, tururi ya tashi, ya bar gishiri a ƙasa. Iskar bazara, wadda ta ke busowa daga kudu maso yamma, ita ta ke kawo mana wannan laima. Daga nan hadari ya haɗu, ruwa ya sauka a gonakinmu. Ashe ruwan Korama daga teku ya zo, ko da ya ke ba ya komawa ta kogi.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Tun da babu babban kogi da ya ke zuwa daga nesa ya cika Korama, abin da damina ta ba mu shi ne jarinmu. In ya lalace, mu ne da asara. Saboda haka:

1. Kada mu sare itatuwan bakin kwari. Su ne su ke tare yashi. Inda aka sare su, iska da kwararar ruwa su kan binne garka.

2. Mu bar ƴaƴan gawo su girma a gonakin tudu, mu riƙa yi musu sassabe mai kyau. Manoman Magariya da Matamai da Mirya sun yi suna a wannan aiki tun bayan farin 1984.

3. Mu yi gayya mu cire kacalla kafin ta cinye tabki.

4. Kada a wanke kwanon maganin ƙwari a cikin ruwa. Mutane da dabbobi suna sha.

5. Kada a yi fitsari ko bayan gida a bakin ruwa. Ta haka tsargiya ta ke yaɗuwa: ƙwan cutar ya shiga ruwa, katantanwa ta raine shi, ya huda fatar mai wanka. Yaron da ya ke fitsarin jini, a kai shi gidan likita. Akwai magani.

6. Mu bar wa makiyaya burtali da mashaya. Rigakafi ya fi magani.

AIKIN WANNAN MAKO

Ku roƙi malaminku ku fita tare, ku yi tafiyar awa 1 a bakin Korama ko tabkin da ya ke kusa da ku. Kowa ya ɗauki littafi da fensir. Inda ruwa ya ke gudu, ku jefa kara ku ga inda ya nufa. Ku rubuta sunayen itatuwan da kuka gani. Ku auna zurfin rijiyoyi 3 da igiya. Ku tambayi dattawa inda ruwa ya ke tsayawa a zamaninsu.

In kun dawo, ku tattauna: me ya ragu, me ya ƙaru, wane aiki za ku fara kafin damina? Abin da kuka samu, ku rubuto mana da hannunku, sauran garuruwa su karanta.