Azumi da Rage Ƙiba: Shin Abu Ɗaya Ne?

Yau za mu duba wata tambaya da muke yawan ji a nan Tina Junction da unguwannin kewaye, kamar Angwan Rukuba da Dutse Uku. Mukan ji ta a watan Janairu, sa'ad da ikilisiyoyi da yawa suke kiran azumin sabuwar shekara, da kuma cikin azumin kwana 40 kafin Ista. Tambayar ita ce, "Idan na yi azumi, ƙibata za ta ragu?" Wani yakan ce ya yi azumin kwana 21, amma da ya hau sikeli sai ya ga nauyinsa yana nan yadda yake. Amsarmu a taƙaice ke nan: azumi domin neman Allah ne, rage ƙiba kuwa aikin kowace rana ne, a kan abin da muke ci da yadda muke motsa jiki. Wanda ya gauraya su yana iya rasa duka biyun.

Me Littafi Mai Tsarki ya koya mana?

Cikin Matiyu 6:16-18 Yesu ya gargaɗi almajiransa kada su yi azumi domin idon mutane. Cikin Ishaya sura 58 Allah ya nuna cewa azumin da yake karɓa yana tafiya tare da barin zalunci da ciyar da mayunwata. Esta ta kira azumin kwana 3 domin ran jama'arta yana cikin haɗari. Ikilisiyar Antakiya ta yi azumi da addu'a kafin ta aiki Barnaba da Shawulu, kamar yadda muke gani a Ayyukan Manzanni sura 13. Babu ko ɗayansu da ya bar abinci domin tsohuwar rigarsa ta sāke shigarsa.

Waɗansu suna cin ganye zalla, su ce suna bin hanyar Daniyel domin su rame. Mu koma mu karanta Daniyel sura 1. Dalilinsa shi ne kada ya ƙazantar da kansa da abincin sarki. Bayan kwana 10 kuma, shi da abokansa sun fi sauran samarin kyan gani da cikar jiki. Ashe ba labarin ramewa ba ne.

Wannan bai nuna cewa Allah bai damu da jikinmu ba. Bulus ya tuna wa Korantiyawa cewa jikin mai bi haikali ne na Ruhu Mai Tsarki (1 Korantiyawa 6:19-20). Saboda haka kula da lafiya riƙon amana ne. Amma kada mu yi wa mai ƙiba ba'a, ko mu ce masa mai haɗama. Gado, haihuwa, shekaru da waɗansu magunguna duk suna kawo ƙiba.

Yaushe ƙiba take zama haɗari?

A gidajenmu, idan mutum ya yi teɓa mukan ce hutu ya zo. Likitoci suna ganin abin dabam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana da ƙibar da ta wuce kima. Irin wannan ƙiba tana buɗe ƙofa ga hawan jini, ciwon suga, shanyewar ɓarin jiki da ciwon gwiwa.

Akwai lissafi mai sauƙi da ma'aikatan lafiya suke yi wa manya. A ninka tsawon mutum a mita da kansa, sa'an nan a raba nauyinsa a kilo da abin da aka samu. Misali, mace mai tsawon mita 1.6 da nauyin kilo 80: 1.6 sau 1.6 ya ba da 2.56, idan aka raba 80 da 2.56 za a sami 31 da ɗan kai. Daga 25 nauyi ya fara yawa, daga 30 kuma ƙiba ce mai bukatar kulawa. Abin ƙarfafawa shi ne, wannan 'yar'uwa ba sai ta koma kamar lokacin 'yanmatancinta ba. Idan ta rage kilo 4 zuwa 8, wato kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinta, jininta da sugan jikinta za su fara nuna sauƙi.

Me ya sa azumi kaɗai ba ya isa?

Na farko, nauyin da yake sauka a kwanakin farko na azumi yawancinsa ruwa ne. Jiki yana ajiye suga a hanta da tsoka tare da ruwa. Idan ya ƙone wannan ajiya, ruwan ya fita, sikeli ya sauka. Da zarar an koma ci, ruwan ya dawo, kitsen kuwa yana nan.

Na biyu, mu dubi yadda muke buɗe baki da ƙarfe 6 na yamma. Ga malmalar tuwo biyu, ga miya tana iyo da manja, ga ƙosai da fanke, ga lemon kwalba, kafin barci kuma ga shayi mai kauri da burodi. Abin da aka bari tun safe an rama shi cikin awa ɗaya, har da ƙari.

Na uku, masana sun gwada wannan abu. Akwai tsarin da ake yayi yanzu, na cin abinci cikin awa 8 kaɗai a kame baki awa 16. A shekarar 2020 masu bincike a Amurka sun gwada shi a kan mutane 116 har mako 12, ba su ga bambanci mai ma'ana tsakaninsu da masu cin abinci sau uku ba. A shekarar 2022 kuma, a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, an bi mutane 139 har shekara ɗaya. Dukansu sun rage yawan abinci, rabinsu kuma sun ƙara da kame baki daga ƙarfe 4 na yamma zuwa 8 na safe. Waɗannan sun rage kimanin kilo 8, sauran kuma kilo 6 da ɗan kai, masanan suka ce tazarar ba ta isa a ce tsarin ya fi ba. Darasin shi ne, kame baki na awoyi yana taimakon wanda ya sa shi ya ci kaɗan, amma yawan abin da ya shiga ciki shi ne magana.

To, wace hanya ce take aiki?

Allah ya albarkaci Filato da kayan lambu. A kasuwar Farin Gada akwai kabeji, karas, tumatir, koren wake da alayyafo. Mu raba kwanonmu haka: rabi ganye da kayan lambu, kashi ɗaya cikin huɗu tuwo ko shinkafa ko doya, sauran kuma wake, kifi, ƙwai ko ɗan nama. Gwaten da iyayenmu suke yi da ganye mai yawa abinci ne mai kyau ƙwarai. Acca da tamba ma suna da kyau, amma hatsi ne, idan an cika kwano da su za su ƙara nauyi kamar masara. Dankalin Bokkos da Mangu a dafa shi, kada kullum a soya. Mai kuma a auna shi da cokali, a daina tsiyayawa daga kwalba.

Sai suga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada babba ya wuce kimanin cokalin shayi 12 a rana, idan ya tsaya a 6 ya fi. Kwalbar lemo guda tana iya ɗauke da kusan cokali 9. Kunun zaƙi da zoɓo ma mu rage musu suga. Burukutu da giya suna ƙara teɓa, ban da sauran ɓarnar da suke yi wa gida.

Sai tafiya. Minti 30 a rana, kwana 5 a mako, ya cika minti 150 da ake bukata. Inda za mu hau keke domin tafiyar minti 10, mu taka da ƙafa. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a shekarar 2002 ya nuna cewa masu haɗarin ciwon suga da suka gyara cinsu, suka riƙa motsa jiki haka, sun rage haɗarin kamuwa da kashi 58 cikin ɗari. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ya isa. Sannu ba ta hana zuwa.

Su wa ya kamata su yi hattara?

Mai ciwon suga da yake shan magani ko allurar insulin, mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mai sikila, mace mai ciki ko mai shayarwa, yara da tsofaffi marasa ƙarfi, kada su shiga dogon azumi sai sun ga likita. Azumin da ba a shan ko ruwa ya fi kowanne haɗari. Idan mai ciwon suga ya ji rawar jiki, zufa, jiri ko rikicewar tunani, ya sha abu mai zaƙi nan take. Wannan ba rashin bangaskiya ba ne. Kada kowa ya ajiye maganin hawan jini domin azumi. Muna da asibitin koyarwa na Jami'ar Jos a Lamingo, da asibitin Jankwano, da ƙananan asibitoci kusa da mu, inda za a auna jini da suga.

Mu kuma kula da shayin rage ƙiba da ake talla. Da yawansu zawo suke sa wa, ruwan jiki ne yake tafiya, kuɗi ma ya tafi.

Muna roƙon fastoci, dattawa da shugabannin Zumuntar Mata, sa'ad da kuke sanar da azumi, ku faɗa a fili cewa marar lafiya ba ya ƙarƙashin tilas. Zai iya cin abincinsa, ya sha maganinsa, ya keɓe lokaci domin addu'a da karatun Magana. Mu masu lafiya kuma, abincin da muka bari ranar azumi mu kai shi gidan gwauruwa ko maraya, kada mu tara shi domin dare.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu, ka tsarkake nufin zuciyarmu sa'ad da muke azumi. Ka ba mu kamun kai a gaban kwano, ka ba marasa lafiyarmu sauƙi, ka koya mana riƙon jikin da ka ba mu amana. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.