Me Ya Sa Ƙyallin Alminiyam Ke Ɓarewa?

Gardama ba ta ƙarewa tsakanin masu gida da 'yan alminiyam a kan mariƙin ƙofa da madafar bene masu ƙyalli, waɗanda ba sa daɗewa suke fara kumbura suna ɓarewa. Mai gida ya ce jabu aka sayar masa, mai sana'a ya ce ai alminiyam ba ya tsatsa, sai dai laifin masu goge-goge. Wannan magana ta biyun ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya.

Alminiyam ya fi baƙin ƙarfe saurin kamuwa da iska. Da zarar an kankare shi, nan take wata fata marar launi ke rufe shi, siririya ƙwarai, ido ba ya ganinta. Ita ke kare shi, kuma ita ke hana ruwan nikel, wanda shi ke ba kayan ƙyallin nan, kama shi, kamar yadda lalle ba ya kama hannun da aka shafe da man shanu. Shi ya sa masana'antar kirki ke fara tsoma shi cikin ruwan soda mai ɗauke da tutiya. Sodar ta cinye fatar, tutiyar ta zauna a gurbinta kafin iska ta sake taɓa shi. Masu kula da aikinsu sukan wanke wannan tutiyar da asid su sake tsomawa, don shafe na biyu ya fi laushi da riƙo. Sai bayan nan nikel ke hawa, ko dai da lantarki a haɗin da Oliver Watts ya fitar a Amurka a 1916, ko kuma ba lantarki, ta hanyar da Brenner da Riddell suka bayyana a 1946. Wanda ya yi wa matakin tutiya riƙon sakainar kashi, kayansa za su yi ƙyalli a shago, amma nikel ɗin ɗore kawai yake.

Ko an bi ƙa'ida ma, da sauran rina a kaba. In shafen ya samu ƙarzuwa ko ɗan huji, danshi ya shiga, ƙarafan biyu sukan zama ƙaramin batir, kuma alminiyam ne ke cinyewa a ƙarƙashi. Farin garin da ke taruwa shi ke tura nikel sama ya yi bororo. A Legas da Fatakwal iska mai gishiri na hanzarta abin; a Kano damina da omon wanke bene suna yin nasu a hankali.

Don aikin waje, anodayizin ya fi dacewa: a ƙara wa fatar alminiyam ɗin kauri da lantarki, a rina ta, ba wani baƙon ƙarfe da zai ɓare. Nikel kuwa a bar shi cikin ɗaki. Kaurin shafe da maikiron ake auna shi, amma da wuya ka ji mai karɓar aiki ya tambayi ɗan kwangila maikiron nawa aka sa.