Darasin Jirgin Ruwa ga Gidajen Parakou da Djougou

Parakou, babban birnin yankin Borgou inda layin dogon da ya taso daga Kwatano ya tsaya bayan tafiyar kilomita 438, da Djougou, hedikwatar yankin Donga kuma tsohon zangon fataken goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, dukansu garuruwan tudu ne da suka yi nisa da teku, saboda haka ba wurare ba ne da ake ganin jirgin ruwa na shaƙatawa. Amma duk da haka gidaje da dama a cikinsu suna tafiya ne a kan irin tsarin da wannan jirgi yake tafiya a kai, wato batir da famfo da tanki, domin jirgin da ya bar gaɓa ba shi da wayar gwamnati ko bututun gari, sai abin da ya ɗauko a cikinsa.

Tun shekarar 2003 aka raba harkar ruwa da ta wuta a Jamhuriyar Benin, kamfanin SONEB ya ɗauki ruwan birane, SBEE kuma ya riƙe lantarki. Parakou na shan ruwan madatsar kogin Okpara da ke gabashinta, ita kuwa Djougou tana zaune ne a kan dutse mai tauri wanda ba ya riƙe ruwa da yawa, abin da ya sa rijiyoyi kan ja baya da rani. Da yake ƙasar ta daɗe tana sayo kaso mai yawa na wutarta daga Najeriya da Gana, kuma garuruwan suna faɗaɗa fiye da yadda waya da bututu ke bin su, mai hali yakan haƙa burtsatse, ya ɗora tanki, ya kafa faifan sola a kan rufi.

Abu na farko da masu ƙera jirage suka fahimta shi ne cewa ƙaramar wuta irin ta batir ta fi buƙatar waya mai kauri, kuma a nan ne wasu masu haɗa sola suke kuskure. Wutar gari a Benin bolt 220 ce, bolt kuwa ma'aunin ƙarfin da ke tura wuta ne, alhali batirin jirgi ko na gida bolt 12 ne ko 24. Na'urar da ke cin wat 120 tana jan amfiya 10 daga batir mai bolt 12, amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke gudana a waya, amma a wutar gari abin da take ja bai wuce rabin amfiya da ɗan ɗoriya ba. Ke nan siririyar wayar da ta ishi ƙwan fitila a ɗaki, idan aka ɗaura ta tsakanin batir da inbata, na'urar da ke mai da wutar batir irin ta gari, za ta yi zafi har robarta ta narke. Shi ya sa ƙungiyar ABYC ta Amurka, wadda aka kafa a 1954 domin tsara ƙa'idojin ƙananan jirage, ta kafa ƙa'idar a sa fiyus a nisan da bai wuce kimanin santimita 18 daga kan batir ba, saboda duk tsawon wayar da ke tsakanin batir da fiyus ba ta da mai tsaronta. Batirin da sifana ta haɗa kawunansa biyu yana iya mai da ƙarfen ja wur cikin ɗan lokaci, kuma wanda ya taɓa ganin haka ba ya sake raina wutar bolt 12.

A jirgi ana raba batirin tayar da inji da na hidimar fitilu da firji, kuma ba a barin batirin dalma ya sauka ƙasa da rabin cajinsa, domin zuƙe shi ƙarƙaf kullum shi ke gajarta masa kwana. Ana kuma ajiye shi inda iska ke shiga, saboda yana fitar da iskar haidurojin mai kama wuta lokacin caji, abin da ya kamata mai ajiye batir a ƙarƙashin gado ya sani. Abokin gaban jirgi gishiri ne, na gidan Djougou kuwa ƙurar hunturu ce da ke rufe faifan sola, sai damshin damina da ke sa kawunan waya tsatsa.

Ɓangaren ruwa ya fi sauƙin fahimta. Jirgi yana da tankin ruwan sha dabam da na ƙazanta dabam, bututunsu ba sa haɗuwa ko kaɗan, kuma wannan ita ce ƙa'idar nisanta rijiya daga masai da sokawe, inda masana tsafta kan ba da shawarar tazarar mita 30. Famfon jirgi yana tashi da kansa idan aka buɗe kan famfo, ya mutu idan aka rufe, don haka idan aka ji yana tashi jefi-jefi alhali ko'ina a rufe yake, to akwai yoyo a wani wuri. Gidan tudu ya fi jirgi sa'a ta fuska ɗaya, tunda yana iya ɗora tanki a sama ruwa ya sauko da nauyinsa ko babu wuta, sai dai lita 1,000 tan guda ce cur, kuma ƙafafun ƙarfen da mai walda ya yi wa ƙwauron kaya ba za su daɗe a ƙarƙashinta ba.

Inda wuta da ruwa suka haɗu, kamar injin burtsatse da na'urar dumama ruwan wanka, nan ne rai ke salwanta. Maganinsa wayar da ake binne sandarta a ƙasa, tare da bireka mai katse wuta da zarar yoyonta ya kai miliamfiya 30. Duk maigidan da zai biya kuɗin sola ko burtsatse, ya nemi mai aikin ya nuna masa fiyus ɗin kan batir da wannan bireka da idonsa kafin ya cika masa kuɗin aiki.