Gansakuka a Man Shafawa: Abin da Ya Kamata Mai Haɗa Sabulu Ta Sani

'Yar'uwa, in aka ce miki gansakuka, abin da zai fara zuwa ranki shi ne koren nan mai santsi da ke kwance a kan ruwan kududdufi. To, danginta suna da yawa. Wasu a teku suke fitowa, ana ce musu ciyawar teku, wasu kuma a tafki. Daga cikinsu ne kamfanoni ke tace sinadaran da suke zubawa a man shafawa, sabulu da abin wanke fuska. In kin duba bayan kwalba kika ga an rubuta Algin, Carrageenan ko Spirulina, daga gansakuka aka samo su.

Babban amfaninta shi ne riƙe danshi. Sinadarin da ake cirowa daga ciyawar teku yana shan ruwa ya kumbura ya yi yauƙi, kamar yadda kuɓewa ke yi a miya. In aka shafa shi, yana barin wani siririn lulluɓi a kan fata mai riƙe laima, fatar ta yi laushi. Man kaɗanya da muka sani aikinsa daban ne: shi maiƙo ne, yana rufe fata don ruwan da ke cikinta kada ya tsere. Kin ga ke nan ɗaya na riƙe ruwa, ɗaya na tsare shi. Shi ya sa haɗinsu ke yi wa fata daɗi a lokacin hunturu, sa'ad da ƙafa ke yin kaushi, leɓe na tsagewa. Wannan yauƙin ne kuma ke sa mai ya yi kauri, ya shafu ba gudaji.

Abin ma ba na Turawa kaɗai ba ne. A Cadi, matan Kanembu sun daɗe suna kwasar Spirulina a tafkunan kanwa da ke kusa da Tafkin Cadi, su shanya ta a kan yashi, su kai kasuwa da sunan dihe, ana miya da ita. A Zanzibar ta ƙasar Tanzaniya kuwa, yawancin masu noman ciyawar teku mata ne, wasunsu sun haɗa ƙungiya suna yin sabulu da man shafawa da ita.

Amma fa a kula. Gansakuka ba ta hasken fata, ba ta kuma maganin kyasbi ko makero. Duk wanda ya tallata miki gari da wannan alkawarin, kuɗinki yake so. Sannan don Allah kada wata ta ce bari ta kwaso ta kududdufin bayan gari ta shanya. Wasu nau'o'in suna da guba, ido ba ya bambance su, ga ƙazantar da ke cikin ruwan. Ƙarshenta ƙuraje da ƙaiƙayi, kuma sunan ƙungiyarku ne zai ɓaci a unguwa.

In ƙungiya na son gwadawa, kada a ɗauki bashin asusu a sayi buhu. A sayi gari kaɗan, mai tambari da ranar ƙarewar aiki, a haɗa sabulu 'yan ƙwaya a gani. Garin Spirulina yana da ɗan ƙarni irin na kifi, sai an sa turare. Korensa kuma ba ya daɗewa a sabulun soda, yana kodewa, don haka kada a yi wa masu saye alkawarin launi. In man shafawa ne, to duk haɗin da ruwa ya shiga yana yin fumfuna cikin 'yan kwanaki in ba a sa sinadarin hana lalacewa ba, balle da zafin nan namu.

Kafin a sayar, 'yan ƙungiya su fara shafa kaɗan a cikin dantse, a jira kwana ɗaya. In wurin ya yi ja ko ƙaiƙayi, a dakata. Ma'aji ta rubuta kuɗin garin a littafi, a raba shi a kan yawan sabulun da ya fito, a ga nawa ya ƙaru a kan kowanne. In masu sayenku ba za su biya ƙarin ba, ku tsaya a kan sabulun kaɗanyarku. Masu niyyar kai kaya shaguna a Najeriya kuma su tuna sai da rajistar NAFDAC.