Zumunci a Cikin Ruwa: Daga Kogin Indus zuwa Fadamar Haɗeja



Bahaushe ya ce zumunci a ƙafa yake. Abin da nake so in nuna yau shi ne, wannan magana ta shafi halittun ruwa ma, sai dai su ruwa ne ƙafarsu.

Kowace halitta tana ɗauke da ƙwayoyin gado, watau abin da ɗa ke gada daga iyaye na kama da juriya. Idan garke yana cuɗanya da wani garke, jini ya gauraya, sai a sami masu jure cuta, a sami masu jure zafi. Idan kuwa aka killace shi, sai auren zumunci ya yawaita, iri ya raunana, annoba ɗaya ta isa ta share shi.

Alal misali, a Kogin Indus na ƙasar Fakistan akwai wata dabba mai shayarwa da ake kira dolfin. Siffarta ta kifi ce, amma iska take shaƙa, kamar ayu. Ba ta gani sosai. Da amsa-kuwwar sautinta take gane hanya. A da tana yawo daga kusa da bakin teku har gindin duwatsu. Da aka gina madatsun ban-ruwa, irin su ta Sukkur a 1932 da ta Guddu a 1962, sai kogin ya zama gunduwa-gunduwa. Ta ɓace daga kimanin kashi 80 cikin 100 na mazauninta, waɗanda suka saura kuma suna zaune rukuni-rukuni, kowane tsakanin madatsa da madatsa. Masana sun auna ƙwayoyin gadonta, sun tarar bambancinsu kaɗan ne ƙwarai.

To, mu dawo gida. Ba mu da dolfin a Guri, amma muna da tarwaɗa, ƙarfasa da gaiwa. Da rani kifi yana tsare a tafkuna da gulabe, kowa da nasa. Sai ambaliyar damina ta haɗe su, kifi ya fita fadama ya yi ƙwai, baƙo ya sadu da ɗan gida. Amma tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ambaliyar ta ragu, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Hanyar da ta toshe wa jirgin masunci, ta toshe wa kifi.

Saboda haka ma'aikacin da ke tsara sakin ruwa daga madatsa ya sani ba gonaki kaɗai yake shayarwa ba. Sakin ruwa a kan kari da damina, da yashe hanyoyin da kacalla ta cinye, su ne za su bar zumuncin nan a raye, abincin masunta kuma ya ɗore.