Baƙi 'yan sa-kai a gidajen marayu na Kirista: Taimako ne ko matsala?

A kowace shekara dubban matasa daga Turai da Amurka da Ostireliya kan biya kuɗi daga aljihunsu, ko majami'unsu su yi musu karo-karo, domin su je Afirka ko Asiya su yi aikin sa-kai na 'yan makonni a gidajen renon yara marayu.

Da dama daga cikin waɗannan gidaje majami'u ne ko ƙungiyoyin mishan ke tafiyar da su. Baƙin kan koyar da Turanci, su yi wasa da yara, su shafa fenti, su ɗauki hotuna, sannan su koma gida.

To amma a shekarun nan Majalisar Ɗinkin Duniya da masana harkar kula da yara na ƙara nuna shakku a kan wannan al'ada. A arewacin Najeriya kuwa, inda maganar yaro da addini ke saurin tayar da ƙura, batun yana da tsohon tarihi, kuma wani ɓangare na tarihin a ƙasar Makarfi ya faru.

Daga Gimi zuwa Wusasa

Matafiyin da ya ratsa ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan a arewacin jihar Kaduna zai fi lura da gonakin rake da tumatir da masara. Mafi yawan jama'ar yankin Musulmi ne, amma a ƙauyuka akwai Hausawa Kirista, galibinsu jikokin Maguzawa, har ma cocin Anglika na da bishop a Ikara.

Tushen labarin yana komawa ga Dakta Walter Miller, wani likita Baturen Ingila na ƙungiyar mishan ta CMS, wanda ya koyi Hausa a Tarabulus. A 1900 ya iso Kano cikin tawagar Bishop Herbert Tugwell, amma Sarki Aliyu Babba bai ba su wurin zama ba. Suka koma Girku, sannan a 1905 Miller ya tare a cikin birnin Zariya, inda ya buɗe ɗakin shan magani da makarantar kwana ta yara maza.

A 1913 wasu daga cikin Isawa suka neme shi. Isawa mabiyan wani malami ne mai suna Ibrahim, wanda aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda koyarwarsa game da Annabi Isa (AS). Waɗanda suka karɓi Kiristanci daga cikinsu sun taru suka kafa sabon mazauni a Gimi, wadda a yau take cikin ƙaramar hukumar Makarfi, a ƙarƙashin kulawar wani ɗan mishan baƙar fata daga tsibiran Karebiyan mai suna W. A. Thompson.

Cikin 'yan shekaru cutar barci, wadda ƙudan tsando ke yaɗawa, ta yi wa mazaunin mummunar ɓarna har ya watse. Waɗanda suka tsira, ciki har da yaran da suka rasa iyayensu, sun koma ƙarƙashin mishan a Zariya, kuma a 1929 aka mayar da cibiyar mishan ɗin Wusasa a bayan gari.

Daga wannan ƙaramar al'umma aka samu Dakta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan arewa, da Farfesa Ishaya Audu, haifaffen Anchau, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. A Wusasa ne kuma Janar Yakubu Gowon ya taso.

Gidajen 'yantattun bayi

Ba a Zariya kaɗai hakan ta faru ba. Bayan Turawa sun ci arewa, gwamnatin Lugga ta buɗe gida a Zungeru domin yaran da aka ƙwato daga hannun masu cinikin bayi. A 1909 aka miƙa yaran ga ƙungiyar mishan ta SUM, wadda ta kafa musu gida a Rumaisha a bakin kogin Binuwai.

Daga 1937 kuma ƙungiyar SIM ta karɓi aikin kula da kutare a Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. A irin waɗannan wurare akan raba jarirai da iyayen da suka kamu domin kare su daga cutar, kuma da yawa daga cikin yaran sun tashi Kirista.

Abu guda ne, amma fassara biyu ake yi masa har yau. Kirista na tuna rayukan da aka ceto da ilimin da aka bayar. Musulmi da dama kuwa na tuna yaran da suka shiga hannun baƙi da addinin iyayensu, suka fito da wani. Dukkan ɓangarorin biyu na da hujja a tarihi.

Akwai kuma bambanci tsakanin baƙin jiya da na yau. Miller ya shafe kusan shekaru hamsin a arewa, ya jagoranci fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa da aka buga a 1932, kuma a kusa da Jos ya rasu a 1952. Ɗan sa-kai na wannan zamani kan zo ne na mako biyu ko wata guda, ba ya jin harshen yaran, sau da yawa kuma ba shi da horo a kan reno.

Su wane ne marayun?

Wani bincike da aka wallafa a ɗaya daga cikin mujallun Lancet a 2020 ya ƙiyasta cewa yara kimanin miliyan 5.4 ne ke zaune a gidajen reno a duniya. Ƙungiyar Lumos, wadda marubuciyar nan ta Birtaniya J. K. Rowling ta kafa, ta ce kusan kashi 80 cikin 100 na irin waɗannan yara suna da uwa ko uba a raye.

Wato galibi talauci ne ke kai yaro gidan marayu, ba mutuwar iyaye ba. Uwar da ba ta da kuɗin makaranta ko na asibiti takan miƙa ɗanta inda aka yi mata alkawarin abinci da karatu kyauta.

Masu suka na cewa kuɗin baƙi na ƙara rura wutar hakan. A Kambodiya, asusun UNICEF ya gano cewa yawan gidajen marayu ya ƙaru da kashi 75 cikin 100 tsakanin 2005 da 2010, lokacin da masu yawon buɗe ido ke tururuwa zuwa ƙasar, alhali kimanin kashi uku cikin huɗu na yaran ba cikakkun marayu ba ne. Inda baƙo ke biyan kuɗi domin ya ga marayu, akan samu mai nemo masa su.

Wannan ne ya sa a 2018 Ostireliya ta zama ƙasa ta farko da ta amince cewa safarar yara zuwa gidajen marayu domin neman kuɗi wani nau'i ne na bautar zamani.

Illa ga yaro

Ko a gidan da babu cuta babu ha'inci, masana na ganin matsala. Ƙaramin yaro na buƙatar mutum guda tsayayye da zai shaƙu da shi. Idan kowane wata sabuwar fuska ce ke rungumarsa sannan ta tafi, yakan saba da rabuwa. Yaron da ke rugawa ya maƙale wa duk baƙon da ya shigo yakan burge masu ziyara, amma likitocin halayyar yara na ɗaukar hakan alamar rauni a wajen shaƙuwa.

Binciken da aka fi kafa hujja da shi an fara shi ne a 2000 a birnin Bukares na ƙasar Romaniya, a kan yara 136 da ke gidajen reno. An mayar da rabinsu hannun iyalai masu riƙo, aka ci gaba da bibiyar su shekara da shekaru. Waɗanda aka mayar cikin iyali sun fi sauran bunƙasar ƙwaƙwalwa da iya mu'amala, musamman waɗanda aka fitar kafin su cika shekara biyu.

Sai kuma batun tsaron yaran. Wurin da ke buɗe ƙofa ga baƙon da ba a binciki tarihinsa ba, yana iya buɗe ta ga mai mugun nufi.

Idan kyakkyawar niyya ta wuce gona da iri

A watan Oktoba na 2007 an kama wasu Faransawa 'yan ƙungiyar L'Arche de Zoé a garin Abeche na ƙasar Chadi, suna shirin fita da yara 103 zuwa Faransa da sunan marayun Darfur ne. Bincike ya nuna cewa galibin yaran 'yan Chadi ne masu iyaye ko dangi. An yanke wa mutum shida hukuncin shekaru takwas na aiki mai tsanani, kafin Shugaba Idriss Deby ya yi musu afuwa a 2008. Ƙungiyar ba ta coci ba ce.

A Haiti kuwa, makonni kaɗan bayan girgizar ƙasa ta watan Janairun 2010, an tsare Amurkawa goma 'yan cocin Baptis a kan iyaka ɗauke da yara 33 ba tare da takardun izini ba. Su ma yawancin yaran iyayensu na nan da rai.

Taƙaddamar Kano

A arewacin Najeriya, shari'ar da ta fi jan hankali ba ta shafi Turawa ba, amma ta nuna irin ƙasar da baƙo ke takawa.

A watan Oktoba na 2019 'yan sanda suka gano yara tara da aka sace daga Kano aka sayar a jihar Anambra, inda aka sauya musu suna da addini. Lamarin ya harzuƙa jama'a, kuma a 2021 wata kotu a Kano ta yanke wa jagoran masu satar, Paul Owne, ɗaurin shekaru 104.

Ana cikin wannan yanayi ne, ranar 25 ga Disamba 2019, jami'an tsaro suka shiga gidan marayu na Du Merci a Kano, wanda Farfesa Solomon Tarfa da matarsa suka kafa a 1996. An kwashe yara 27 daga gidan da reshensa na Kaduna zuwa gidan marayun gwamnati da ke Nassarawa a Kano, bisa zargin satar yara da gudanar da gida ba bisa ƙa'ida ba.

A watan Yuni na 2021 babbar kotun jihar ta wanke Farfesa Tarfa daga zargin sace yara. A 2022 an same shi da laifin yin takardar jabu, amma kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a watan Janairun 2023. Ƙungiyoyin Kirista na ciki da waje sun yi zargin cewa an matsa wa yaran su bar addinin da suka tashi a ciki, kuma ja-in-ja a kan wanda ya cancanci riƙonsu ta ɗauki shekaru.

Abin lura shi ne, ƙorafin da Musulmi suka yi a shari'ar farko shi ne Kirista suka yi a ta biyu: an raba yaro da inda ya sani, an taɓa masa suna da addini.

Me doka da addini suka ce?

Yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, a sashe na 20, ta ambaci kafala irin ta shari'ar Musulunci cikin hanyoyin kula da yaron da ya rasa iyali. Ta kuma buƙaci a yi la'akari da addinin yaro da harshensa da al'adarsa wajen zaɓa masa wurin zama. A watan Disamba na 2019 babban taron majalisar ya nemi ƙasashe su fifita reno a cikin iyali, su kuma magance illar aikin sa-kai a gidajen marayu.

Najeriya ta yi dokar haƙƙin yara a 2003, jihar Kaduna ta yi tata a 2018, Kano kuma a 2023.

A Musulunci ɗaukar nauyin maraya babban aikin lada ne, kuma Manzon Allah (SAW) kansa a hannun kakansa da baffansa ya tashi. Sai dai shari'a ta hana a jingina yaro ga wanda ba mahaifinsa ba. A al'adar Hausawa ma, Musulmi da Kirista, idan uba ya rasu baffa ko kawu ko gwaggo ne ke ɗaukar riƙo. Abin da masana ke kira a koma gare shi a yau bai yi nisa da wannan tsari ba.

Amma riƙon dangi ba ya rasa nasa aibin. Akwai marayun da ake ci wa gado, da 'yan riƙon da ake mayarwa 'yan aiki, da jariran da ake yasarwa babu mai ɗauka. Masu gidajen marayu na Kirista kan ce irin waɗannan ne suke karɓa, tun da gidajen gwamnati ba su wadatar ba. Kazalika ɗimbin almajiran da aka yi ta mayarwa jihohinsu a 2020, lokacin annobar korona, sun tuna wa arewa cewa raba yaro da iyayensa ba matsalar addini guda ba ce.

Mafita

Ƙungiyoyin kare yara, ciki har da na Kirista, ba su ce a daina taimako ba. Abin da suke nema shi ne a sauya masa hanya. Kuɗin jirgin ɗan sa-kai guda daga Amurka zuwa Najeriya zai iya biya wa yara da dama kuɗin makaranta suna gaban iyayensu. Baƙon da ke da sana'a, kamar likita ko malamin jinya, ya fi amfani idan ya horar da ma'aikatan wurin, waɗanda za su zauna bayan ya tafi.

Ga hukumomi da masu unguwanni da limamai da fastoci kuwa, tambayoyin da ake so su yi wa kowane gidan yara iri ɗaya ne, ko na coci ne ko na masallaci ko na gwamnati. Shin yana da rajista? Wa ya kawo kowane yaro, kuma da izinin wa? An rubuta sunansa na asali da garinsu da addinin iyayensa? Danginsa na iya ziyartarsa? Akwai shirin mayar da shi gida?

A yanki irin Ikara da Makarfi da Kudan, inda Musulmi da Kirista ke magana da harshe ɗaya, suke cin kasuwa ɗaya, wasunsu ma kakanninsu ɗaya, amsa waɗannan tambayoyi a fili kariya ce ga yaron, kariya ce kuma ga zaman lafiyar maƙwabta.