Kafin Ka Saya wa Tsohuwar Kwamfutar Gida Katin SATA

A gidajen fatake da dama, daga Zangon Kumasi zuwa Garwa, akwai tsohuwar kwamfuta ta hannu da ke riƙe da lissafin bashi, rasidai da hotunan biki. Ranar da ta cika aka so ƙara faifan ajiya, sai a tarar mahaɗan SATA na babban allonta sun ƙare. Maganin shi ne katin SATA, wanda ake sokawa a allon ya ƙara mahaɗa biyu ko huɗu. Ba shi da tsada, amma mu da ke aike a sayo mana kaya daga Legas ko Akara mun san wuyar mayarwa.

Shawarata ta farko, cire wuta, buɗe murfin ka duba ramukan allon. Dogon rami, galibi fari, shi ne PCI, tsohon yayi. Gajeren shi ne PCIe x1. Katin wannan ba ya shiga ramin wancan, amma katin x1 yana aiki a dogon ramin PCIe x16. Ɗauki hoto da waya ka tura wa mai sayowa.

Kada rubutun kwali ya ruɗe ka. Ko an rubuta SATA III, mai megabayit 600 a daƙiƙa, ramin ne ke yanke hukunci. PCI ba ya wuce 133, PCIe x1 na farko 250, na biyu 500. Faifai mai juyawa 250 ta ishe shi. SSD kuwa zai yi aiki, sai dai ba da cikakken gudunsa ba.

Ni sunan guntun da ke tsakiyar katin nake tambaya, ba sunan kwali ba. Mai ASMedia ASM1061, Windows 10 da Linux suna gane shi da kansu. Tsofaffin katunan PCI irin Silicon Image 3114 kuwa, a Windows sai an nemo musu direba.

Sauran abubuwa uku. Ba kowane kati ke tayar da Windows ba, don haka bar faifan Windows a kan allon, ka ɗora sabon a kati. Faifan da ya haura terabayit 2 sai an tsara shi da GPT kafin a ga dukkan girmansa. In kwamfutar siririya ce, nemi kati mai gajeren ƙarfen ɗauri, ka kuma tabbata akwai ragowar wayar wuta ta faifai.

Wani zai ce maka ka sayi mai RAID 1, wai faifai biyu su riƙa kwafar juna. Gaskiya ne in ɗaya ya mutu ɗayan na nan. Amma in yaro ya goge littafin bashi, ko wuta ta zo da ƙarfi, duka biyun ne za su tafi. Kafin mai gyara ya taɓa ko da kusa ɗaya, kwafe lissafinka a filas, ka ajiye shi a wani wuri dabam.